Katin da Ya Ƙi Ganin Kamara

Ƙarfe tara na safiyar Asabar Kawu Filimone ya shigo da kwamfutarsa rungume a ƙirji, ya ajiye ta a kan teburin ɗinkin Mama, ya ce, "Ga ta nan, Kalesita. In kin kashe ta ki faɗa mini a hankali, zuciyata ba ta da ƙarfi."

Ƙanen Mama ne, don haka a al'adarmu ko rigar jikinsa na ce ina so, sai ya tuɓe ya ba ni. Ya sani, na sani. Duk da haka a hankali na buɗe murfin, domin ban taɓa yin irin wannan aikin ba. Karantawa kawai na yi. Littafin da ya zo da katin da Baba ya aiko kuwa na karanta shi sau huɗu, har da shafin da aka rubuta da harsunan da ban iya ba.

Ga abin da ake ciki. Ranar Alhamis yayata Heilala ta cika shekara ashirin da ɗaya, ta yi rawar gargajiya ta tau'olunga a gaban rabin mutanen garinmu Neiafu. Baba bai gani ba. Tun watan Fabrairu yana New Zealand yana tsinkar tuffa. Da ya kira a waya, Mama ta ba shi labari, maƙwabta suka karɓa suka ƙara gishiri, shi kuwa abu ɗaya yake ta maimaitawa, "Na ji, na ji. Amma gani ya kori ji."

An ɗauki rawar da kamarar coci, kuma kaset ɗaya tak cocin yake da shi. Gobe Lahadin yara, fasto ya ce da yamma a mayar masa da kayansa, za a ɗauki wasan yara a kan kaset ɗin. Wato in rana ta faɗi ban kwashe rawar ba, ta tafi ke nan. Ƙarfe uku kuma jirgin ruwa zai tashi zuwa babban birni Nuku'alofa da Gwaggo Sulieti, yayar Baba, daga can ta hau jirgin sama. Ita za ta kai masa faifan hannu da hannu.

Baba ya riga ya yi tunanin duk wannan. Kwamfutar Kawu ba ta da kafar da wayar kamara take shiga, sai ya sayi wani siririn kati na ƙarfe, wanda ake turawa a gefen kwamfuta, mai kafofi biyu a bakinsa. Wata biyu da suka wuce ya aiko shi a cikin kwali. Kwalin gidan Gwaggo aka fara kai shi, kamar kowane saƙo nasa. Ta zaɓi bargo da alewa, ta turo mana saura, katin kuwa ta ce zai zauna a akwatinta kada mu ɓatar. Sai a safiyar nan ta aiko da shi, naɗe a ƙyalle.

Na tura katin har ya yi ƙas. Kwamfuta ta yi wani ɗan kuka mai daɗi, ta ce ta ga sabon abu. Na saka faifan da ya zo da shi, na bi umarni ɗaya bayan ɗaya, na danna inda aka ce a danna. Sai ga rubutu a ƙasa: katin yana aiki daidai.

"Ya yi!" Ban san na yi ihu ba sai da kajin Mama suka watse a tsakar gida.

Heilala ta leƙo daga kicin da wuƙar fere doya a hannu. "Har kin gama?"

"Saura kaɗan!"

Na soka waya a jikin kamara, na soka ɗaya bakin a jikin kati, na kunna. Muka tsaya mu uku muna kallon allo. Allo yana kallonmu.

"To?" in ji Kawu.

"Tana tunani ne."

"Ta daɗe tana tunanin nan. Ko ke ce kika shafa mata?"

Babu kuka, babu rubutu, babu kamara. Na buɗe manhajar kwasar hoto, ta ce ba a haɗa komai ba. Na ji gumi yana gangarowa ta bayan kunnena. Amma a shafi na goma sha ɗaya akwai jerin abin da ake yi in haka ta faru, sai na ji wani irin daɗi ya kama ni, irin wanda nake ji in malam ya kawo tambayar da na kwana ina bita. Na farko, a tabbata kamara tana kan kunna kaset, ba kan ɗauka ba. Na duba. Ashe a kan ɗauka take!

"Na gano! Na gano!" Na murɗa maɓallin.

Shiru.

Na kashe kamara na kunna. Na zare kati na mayar. Na kashe kwamfutar gaba ɗaya, na jira ta farfaɗo, abin da ya ci minti shida domin Kawu ya cika ta da waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan coci da hotunan aladunsa. Na fara kunna kamara kafin kwamfuta. Na fara kunna kwamfuta kafin kamara. Na koma kafa ta biyu. A jakar kamarar akwai wata wayar, na canza. Kowane gwaji sai zuciyata ta yi tsalle ta ce wannan ne, sai ta faɗo.

"Hura masa iska," in ji Kawu. "Haka nake yi wa rediyon mota."

"Littafin bai ce a hura ba."

"To ɗan buga shi."

"Kawu!"

"A hankali nake nufi. Bugun ladabi."

Heilala ta ce, "Wai ke da kike cinye littattafan makaranta har da bangonsu, ɗan wannan ƙarfen ne ya gagare ki? Ni fa wata uku ina koyon juya wuya. Wuyana har yanzu bai dawo daidai ba."

Ta faɗa da dariya, amma na ga yadda take murza bakin zanenta. Ni ma na san ba wasa take yi ba.

Na ce bari in tabbatar ba kamarar ce ta mutu ba. Na ɗauko wayar nan mai kai uku na haɗa ta da talabijin. Wannan kuwa kuskure ne babba, domin da kiɗan ya tashi, gidan duka ya zubo. Mama ta bar tukunya a wuta. Ga Heilala a allo, fatarta tana sheƙi, gwiwoyinta a haɗe, hannayenta suna tafiya kamar ruwa yana bin dutse. Mama ta fara kuka. Kawu, wanda shi ya ɗauki hoton, yana ta nuna mana inda ya yi gwaninta, har da wurin da ya manta ya ɗauki ƙafafunsa na minti biyu. Kafin in iya raba su da talabijin, sha ɗaya da rabi ta wuce.

Amma na ƙaru da abu ɗaya. Kamara lafiyarta lau, kaset lafiya lau. Kwamfuta ta ce kati lafiya lau. Waya biyu ba za su mutu rana ɗaya ba. To ina ya rage? Na zauna na rufe ido na bi hanyar da hoton zai bi, daga kaset zuwa waya, daga waya zuwa kati. Wurin da waya take haɗuwa da kati, nan ne kaɗai ban duba da idona ba.

Na sunkuya. Bakin wayar bai shige duka ba. Akwai ɗan ƙarfe a waje, kamar faɗin farce. Na danna, ya shiga, na saki, ya dawo a hankali, kamar an danna yatsa a cikin ƙullu. Kuma da na kai fuskata kusa, sai na ji ƙamshi. Katin ya ɗauki zafi, yana fitar da ƙamshin man kwakwa da itacen turare na ahi da furanni.

Na zare shi na kai bakin taga. Na karyo tsinke daga tsintsiya na zura a kafar. Ya fito da wani abu ja-ja mai danƙo, mai haɗe da garin itace da zaren tabarma. Na sake zurawa, ya sake fitowa. Kafofin biyu cike suke taf.

Heilala ta karɓi tsinken ta shinshina. Ta miƙa wa Mama. Mama ta shinshina ta miƙa wa Kawu. Mutum ɗaya ne a duk tsibirinmu na Vava'u yake haɗa mai da wannan ƙamshin, kuma kowa ya san yadda take yi da duk wani abu mai ƙarfe a gidanta. Almakashi, kwaɗo, keken ɗinki, maɓallin jaka, duk ranar Asabar sai ta bi su da mai saboda iskar teku.

"Ni dai ban ji ƙamshin komai ba," in ji Kawu. "Mura nake yi. Bari in dubo aladu."

Mama ta ce, "Ki wanke shi da sabulu, shiru-shiru, kafin ta iso."

"Littafin ya ce kada ruwa ya taɓa shi. Sai sifirit."

"To a sayo."

Heilala ta ce kantin magani ya rufe tun sha biyu, yau Asabar. Muka dubi juna. Kwalbar sifirit ɗaya muka sani a unguwar, wadda Gwaggo take kunna fitilar famfonta da ita, kuma tana cikin ɗakinta, ɗakin kuma a kulle, makullin kuma a wuyanta.

"Ba da bakina ba," in ji Mama. "Ni matar ƙanenta ce. Kin taɓa jin an ce wa Sulieti ta yi kuskure?"

Ban taɓa ji ba. A bikin Heilala ita ta zauna a saman tabarmi, ita aka ba saman kek, fasto ma sai da ta gyaɗa kai ya fara addu'a. Ni kuwa ko gaisuwa in na zo yi mata, sai kalmomin su tsere su bar ni.

Muna cikin haka muka ji muryarta a ƙofa tana faɗa wa karenmu ya matsa. Ta shigo cikin baƙar rigar tafiya, da tabarmar ɗaurawa a kugu, sabuwa fil. Ta zauna a kujerar Baba. Kowa ya zube ƙasa.

"Ina faifan ƙanena?"

Mama ta dubi rufin ɗaki. Heilala ta dubi farcenta. Na tuna da Baba yana cewa na ji, na ji. Sai na ja gwiwa na matsa gabanta, da kati a tafin hannu ɗaya, da tsinke a ɗaya.

"Gwaggo, katin ne. Wato, ba katin ba. Katin lafiyarsa lau. Kafofin ne. Akwai, an sa, wani abu ya shiga."

"Yi magana kamar mai baki, yarinya."

"Mai ne, Gwaggo. Man kwakwa. Ya toshe inda waya take shiga."

Na ji Mama ta ja numfashi. Gwaggo ta karɓi katin, ta juya shi, ta ɗaga shi sama.

"Ni na sa," in ji ta. "Sau takwas. Da gashin kaza na tura shi har ciki. Kin ga tsatsa ko ɗigo a jikinsa?"

"Babu, Gwaggo."

"To."

"Sai dai hoton ta cikin waɗannan ƙananan haƙoran yake bi. In mai ya rufe su, ba ya wucewa." Na buɗe shafin na nuna mata da yatsa. "Ga shi nan an rubuta."

"Wanda ya rubuta wannan ya taɓa zama a bakin teku?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Bai taɓa ba."

Ta ci gaba da juya katin. Agogon bango yana ta tafiya, sha biyu da rabi har da minti biyar. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata mata rai kuma ban samu sifirit ba. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yanzu da me ake fitar da shi?"

"Sifirit. Da buroshin haƙori."

Ta cire igiyar wuyanta ta miƙo mini makulli. Heilala ta saki baki. Ko 'ya'yan Gwaggo na cikinta ba su taɓa riƙe wannan makullin ba.

"Ƙarƙashin gado, hannun dama. Kada ki taɓa komai. Kuma ki ruga, me kike kallo?"

Na ruga. Ban taɓa gudu irin wannan ba, ni da kullum nake ɓuya a laburare ranar wasanni. Na dawo da kwalba ina haki, na tarar Gwaggo ta sa an kira Kawu daga wurin aladu, ta kuma sa ya kawo buroshinsa.

"Shi ke nan mini guda ɗaya," in ji Kawu.

"Haƙora nawa suka rage maka da za ka yi mana kuka?"

Ta ƙi ba ni katin. Ta ce ita ta sa, ita za ta riƙe. Ta kama shi da yatsu biyu, bakinsa yana kallon ƙasa, ni kuma ina tsoma buroshi ina gogawa, jan ruwa yana ɗiga a kan tsohuwar jarida. Kanmu ya kusa haɗuwa. "Can ciki, ta hagu," take cewa. "Ke ba ki gani ne? Duk karatun nan ya cinye miki ido." Na goge har ruwan ya fara fita fari. Na goge bakin wayoyin biyu, domin su ma sun kwaso. Muka ajiye su a gaban fanka. Littafin bai faɗi minti nawa ba, na ce sha biyar. Babu wanda ya ci abinci. Muka zauna muna kallon kati yana shan iska.

Ƙarfe ɗaya da minti goma na tura shi. Ƙas. Na ɗauki waya na soka, ta shige har ƙarshe, ta zauna daram. Na murɗa maɓallin kamara.

Kwamfuta ta yi kuka.

Wayyo, ihun da muka yi! Heilala ta ɗaga ni sama, ni da na fi ta nauyi. Mama tana tafi tana juyi da ludayi. Kawu ya sumbaci murfin kwamfutarsa yana cewa ya san ba za ta ba shi kunya ba. Ga sunan kamara a allo, ga Heilala a ɗan ƙaramin akwati tana ɗaga hannu. Gwaggo ba ta tashi ba, amma na ga ƙafarta tana bin kiɗan.

Sai na yi lissafi, murnar ta koma ciki. Kaset ba ya kwasuwa da sauri, sai ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe, minti hamsin da biyar. Bayan haka a juya shi, a ƙona a faifai. Da na gama kwasa na danna, kwamfuta ta ce saura awa ɗaya da minti biyar. Ƙarfe biyu da minti goma ke nan.

"Gwaggo, ba zai gama ba sai uku da kwata. Jirgi kuma uku."

Ta miƙe ta gyara tabarmar kugunta. "Wa yake kula da gadar hawa yau?"

"Lisiate," in ji Mama. Ɗan babban wan Baba ne, wato shi ma Gwaggo gwaggonsa ce.

"To ki gama aikinki. Filimone, kai ni da kayana, ka dawo ka jira ta."

Wannan awa ɗayar ban san yadda zan kwatanta ta ba. Koren layin yana rarrafe. Na hana kowa taka ƙasa da ƙarfi. Na hana Heilala kunna dutsen guga kada wuta ta ɗauke. Uku saura biyar muka ji jirgi ya yi ƙaho daga gaɓa. Uku da biyar ya sake yi, mai tsawo, irin na fushi. Uku da minti goma sha bakwai faifai ya turo kansa waje, da ɗuminsa. Na saka shi a na'urar talabijin na ga Heilala ta fito, na zare, na rubuta BABA a kai, muka faɗa motar Kawu.

Kawu ya yi tuƙin da bai taɓa yi ba, yana ƙaho yana ba mutane haƙuri ta taga. Da muka gangaro tudu, sai ga jirgi yana nan, hayaƙi yana tashi, mutane sun cika baranda suna leƙen ƙasa. A tsakiyar gadar hawa kuwa ga Gwaggo Sulieti zaune a kan akwatinta, da laima a buɗe. An kwance ɗaurin tabarminta an shimfiɗa, tana sa ma'aikata biyu suna sake naɗewa, wai naɗin farko bai yi mata ba. Lisiate, ƙato mai gemu, yana durƙushe a gabanta da hula a hannu.

"Gwaggo, don girman Allah. Kyaftin zai kore ni."

"Ya zo ya faɗa mini da bakinsa. Ni na yi wa uwarsa kwalliyar aure."

Na diro kafin mota ta tsaya. Mutanen baranda suka gane abin da ake jira, suka fara tafi suna kiran, "Gudu, 'yar makaranta, gudu!" Takalmina ɗaya ya fita, ban waiwaya ba. Na zube a gabanta na miƙa faifan da hannu biyu.

Ta karɓa, ta zura shi a cikin rigarta, ta rufe laima. "Lisiate, me kake jira? Ka tsayar da mutane a rana." Ta haye abinta.

Kwana tara bayan haka, da yamma muna shirin cin abinci, waya ta yi ƙara. Mama ta ɗauka, ta kira mu da hannu. Muka haɗa kai uku a kan waya ɗaya. Kiɗan Heilala ne yake tashi daga can, da muryoyin maza da yawa suna tafi suna ihu.

"Mu talatin ne a ɗakin cin abinci," in ji Baba. "Har da mutanen Samoa da na Vanuatu. Wannan karo na huɗu ke nan. Ina Heilala? Ina Kalesita? Ku ji, ku ji, ina so in ce muku... a'a, dakata, an zo wurin da take juyowa."

Muka ji ya ajiye wayar a kan tebur. Bai dawo ba. Muka tsaya a haka, abinci yana hucewa, muna sauraron tafin har layin ya yanke.